SHAIHU ALIYU YUSUF DA JARIDARSA AL-MU'AYYAD

Gabatarwa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam alƙalami, ya kuma ɗora masa amanar abin da ya rubuta da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, a cikin wannan ɗan littafi za mu kawo maka tarihin wani mutumin ƙasar Masar da ake kira Shaihu Aliyu Yusuf, wanda ya rasu tun shekarar 1913, da kuma tarihin jaridar da ya kafa a birnin Alƙahira, wadda take fitowa kullum da harshen Larabci, mai suna Al-Mu'ayyad. Ba mu zaɓe shi domin ma'asumi ne ba. Mutum ne kamar kowa, yana da inda ya dace, yana da inda ya yi tuntuɓe. Dalilin zaɓensa shi ne, an jarrabe shi da irin jarrabawa guda biyu da ake yi wa duk mai son faɗin gaskiya a gaban masu mulki. An jarrabe shi da sanda, ya ci jarrabawa. Aka zo aka jarrabe shi da zuma, a nan ne labari ya sha bamban. To, ka natsu ka karanta, domin wataƙila wata rana kai ma za a kawo maka ɗaya daga cikin biyun nan, ko ma duka.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Aliyu Yusuf a shekarar 1863 a wani ƙauye mai suna Balasfura, kusa da garin Suhaj, a kudancin Masar, yankin da suke kira Sa'id. Yana jariri mahaifinsa ya rasu, sai mahaifiyarsa ta ɗauke shi ta koma da shi wurin danginta a garin Bani Adi, kusa da Manfalut. A nan ya tashi maraya, cikin rashi. A nan kuma ya haddace Alƙur'ani, ya fara karatun littattafan fiƙihu da Larabci a wurin malaman garin.

Da ya zama saurayi sai ya nufi Alƙahira ya shiga Azhar, kamar dai yadda ɗan ƙauye mai himma yake barin gida ya tafi birni neman ilimi, ba shi da kowa sai Allah. Amma bai zauna ya zama malamin zaure ba. Sha'awar rubutu ce ta ja shi. Ya fara da waƙoƙin Larabci, daga nan ya shiga rubuta wa jaridu, har a 1887 shi da wani abokinsa ɗan Azhar mai suna Shaihu Ahmad Madi suka fara fitar da wata mujalla da suka sa wa suna Al-Adab. Ka lura da wannan, ɗan'uwa: mutumin nan bai yi karatu a Turai ba, bai gaji dukiya ba, ba ɗan sarauta ba ne. Jarinsa kaf shi ne Larabcin da ya koya da kuma zuciyar da ba ta jin tsoro.

Halin da Masar take ciki

Ba za ka gane girman abin da ya yi ba sai ka san yadda ƙasar take a lokacin. A shekarar 1882 sojojin Ingila suka shiga Masar, suka murƙushe rundunar Ahmad Urabi, suka zauna. Ba su tuɓe sarkin ƙasar ba, wanda ake yi wa laƙabi da Hidiwi. Sun bar shi a kan gadonsa, sun bar ministocinsa, amma sai suka ajiye wani Bature mai suna Lod Kuroma a matsayin babban wakilin Ingila tun daga 1883, kuma a haƙiƙa ba a yanka ba a feɗewa sai da saninsa. Idan ka taɓa jin labarin yadda Razdan yake zaune a bayan Sarki a ƙasarmu zamanin Turawa, to ka fahimci abin da ake nufi. Sarki yana da rawani, Bature yana da hukunci.

Su kuwa jaridun da suke fitowa kullum, manya daga cikinsu suna hannun mutanen Sham ne da suka yi ƙaura zuwa Masar. Akwai Al-Ahram ta 'ya'yan gidan Takla, wadda a lokacin ta fi karkata wajen Faransa. Sannan a farkon 1889 wasu mutum uku, Yaƙubu Sarruf da Faris Nimr da Shahin Makariyus, suka kafa Al-Muƙaɗɗam, wadda ta fito fili tana goyon bayan zaman Ingila a ƙasar. Kullum tana nuna wa mutane cewa alheri ne Turawa suka kawo, kuma ofisoshin gwamnati suna buɗe mata ƙofa, labari bai gama faruwa ba ya iso gare ta. Shi kuwa Bamasare Musulmi, mai ƙasa, ba shi da wata babbar jarida ta kullum da zai ce tasa ce. Ana magana a kansa, ana yanke hukunci a kansa, shi kuwa bakinsa a rufe.

Kafa Al-Mu'ayyad

A ranar 1 ga Disamba, 1889, aka fara sayar da Al-Mu'ayyad a titunan Alƙahira. Shaihu Aliyu Yusuf da abokinsa Ahmad Madi ne suka kafa ta, kuma Firayim Ministan lokacin, Riyad Basha, ya ƙarfafa musu gwiwa. Ma'anar sunan shi ne wanda aka ƙarfafa, wanda aka dafa wa baya. Ka riƙe wannan ma'ana, za mu dawo kanta.

Farkon al'amari da wuya. Kuɗi babu, ga saɓani ya shiga tsakanin abokan biyu, har jaridar ta kusa mutuwa tana jaririya. Sai wani lauya mai suna Sa'ad Zaglul, wanda daga baya ya zama jagoran neman 'yancin Masar, shi da wasu masu kishi suka haɗa kuɗi aka sallami Ahmad Madi, jarida ta zama ta Aliyu Yusuf shi kaɗai.

Tun daga nan ya sa ƙafar wando ɗaya da Al-Muƙaɗɗam. Abin da suka yaba na mulkin Ingila, shi sai ya bincika ya fito da aibinsa. Idan aka ci mutuncin Musulunci ko harshen Larabci, sai ya mayar da martani da hujja. Su kuma abokan gaba sai suka laƙaba masa sunan da har yau ake laƙaba wa irinsa, wato mai tsattsauran ra'ayin addini, mai neman tayar da fitina tsakanin Musulmi da Kirista. Wannan tsohuwar dabara ce. Idan an kasa amsa maganarka, sai a ɓata sunanka don kada a saurare ka.

A watan Janairu na 1892 Hidiwi Taufiƙ ya rasu, ɗansa Abbas Hilmi na Biyu ya hau gado yana ɗan shekara 17. Yaro ne mai zafin jini, ba ya son yadda Kuroma yake juya shi, saboda haka ya shiga neman masu taya shi faɗa. Ya sami Aliyu Yusuf, Aliyu Yusuf ya same shi. A wannan lokaci tafiyarsu ta zo ɗaya, domin abin da Sarki yake so da abin da talakawa suke so duk abu guda ne, wato a rage ƙarfin Bature. Ba wanda ya ga aibin wannan abota a lokacin.

Shari'ar tangaraho

Yanzu ga jarrabawar sanda. A 1896 Ingila ta tura sojojin Masar kudu, zuwa Dungula a ƙasar Sudan, domin su yaƙi mutanen Mahadi. Babban kwamandan rundunar Bature ne mai suna Kicina. 'Ya'yan talakawan Masar ne a cikin kaki, kuɗin Masar ake kashewa, amma sai hukuma ta hana a riƙa bai wa Al-Mu'ayyad labarin yaƙin. Manufa ita ce a kashe ta da yunwar labari, mutane su gaji su koma wa Al-Muƙaɗɗam.

Ana nan sai annobar kwalara ta faɗa wa rundunar. A watan Yuli na shekarar, Kicina ya bugo wayar tangaraho ta asiri zuwa ga Ministan Yaƙi a Alƙahira, yana bayyana halin da sojoji suke ciki. Ba a jima ba sai ga abin da wayar ta ƙunsa a shafin Al-Mu'ayyad, kowa yana karantawa. Iyayen da 'ya'yansu suke bakin daga suka san abin da ake ɓoye musu. Hankalin Turawa ya tashi ƙwarai.

Akwai dokar jaridu da aka yi tun 1881, wadda ta bai wa gwamnati ikon rufe jarida, amma an daɗe ba a aiki da ita, domin baƙin Turawa suna da kariya daga kotunan ƙasar, kuma duk mai jaridar da aka matsa wa yana iya fakewa da sunan wani baƙo. Saboda haka sai aka ɓullo ta wata hanya. Aka sa ido a gidan waya, aka kama wani ma'aikacin tangaraho mai suna Taufiƙ Kirlus, aka tuhume shi da fitar da asirin waya, aka tuhumi Shaihu Aliyu Yusuf da haɗa baki da shi. Shi wannan ma'aikaci Kirista ne daga Kibɗawan Masar. Ka ga mutumin da ake cewa maƙiyin Kirista ne, ga shi an gurfanar da shi kafaɗa da kafaɗa da Kirista, a kan abin da ya shafi ƙasarsu su duka.

Aka nemi Shaihu ya faɗi wanda ya ba shi labarin, ya ƙi. A watan Nuwamba aka yi shari'a, jama'a suka cika kotu maƙil har waje. Alƙali ya wanke Aliyu Yusuf, ya yanke wa ma'aikacin wata uku a kurkuku. Da aka ɗaukaka ƙara, shi ma sai aka wanke shi. Mutane suka ɗauki Shaihu a kafaɗa suna murna. Hukuma ta so ta kashe jarida, sai ga shi ta yi mata talla kyauta.

Akwai wani saurayi a ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati mai suna Muhammad Farid, ɗan babban gida. Shi bai ɓoye farin cikinsa da wannan hukunci ba, sai aka hore shi da canjin wurin aiki zuwa kudu. Maimakon ya tafi, sai ya ajiye aikin gwamnati ya zama lauya mai zaman kansa. Ka riƙe sunansa, zai sake fitowa.

Zamanin ɗaukaka

Bayan wannan shari'a Al-Mu'ayyad ta zama jaridar Musulmi mafi girma a Masar, kuma ana karanta ta a ƙasashen Musulmi da dama. Manyan masu alƙalami suka taru a cikinta. Mustafa Kamil, saurayin nan mai kishin ƙasa, a cikinta ya yi ta rubutu kafin ya kafa tasa jaridar, Al-Liwa, a 1900. Da wani tsohon Ministan Harkokin Waje na Faransa mai suna Hanoto ya yi rubutu yana aibata Musulunci, a shafukanta ne Shaihu Muhammad Abduh, Muftin Masar, ya mayar masa da martani a 1900. Da Abdurrahman Alkawakibi ya gudo daga Halab saboda matsin hukumar Turkawa, a cikinta aka buga maƙalunsa a kan sharrin mulkin kama-karya. Daga baya kuma Mustafa Luɗufi Almanfaluɗi, wanda ɗaliban Larabci suka sani, a cikinta ya yi suna. A 1906 Shaihu ya sayo babban injin buga jarida mai aiki da lantarki, irin wanda jaridun Turai suke amfani da shi.

Bai tsaya ga jarida kaɗai ba. An zaɓe shi cikin majalisar shawara ta ƙasa, kuma a 1907 ya kawo shawarar a mayar da Larabci ya zama harshen koyarwa a makarantun gwamnati, maimakon Ingilishi da Turawa suka ɗora. A wannan shekarar kuma Kuroma ya bar Masar, ya yi jawabin ban kwana wanda ya ƙunshi raini ga mutanen ƙasar, Shaihu Aliyu Yusuf ya ɗauki alƙalami ya bi jawabin ya warware shi. Duk wannan alheri ne, kuma adalci ne a faɗe shi.

Shari'ar aure

Amma kafin nan wani abu ya faru a 1904 wanda ya girgiza shi fiye da shari'ar tangaraho. Shaihu ya nemi auren Safiyya, 'yar Sayyid Abdulkhaliƙ Assadat, shugaban wani babban gidan sharifai a Alƙahira. Uban ya amsa, an kai sadaki, amma sai ya yi ta jan lokaci, shekara ta bi shekara. Da Shaihu ya gaji, sai aka shirya aka ɗaura auren a watan Yuli na 1904 a gidan Sayyid Taufiƙ Albakri, da yardar yarinyar, ba da sanin ubanta ba.

A nan sai mu yi maka bayani, domin kada ka rikice. A mazhabar Malikiyya da muka saba da ita, aure ba ya ɗauruwa sai da waliyyi. Kotunan Masar kuwa da mazhabar Hanafiyya suke hukunci, wadda ta yarda baligar mace ta aurar da kanta, amma ta bai wa waliyyi ikon kai ƙara a raba auren idan mijin ba tsaranta ba ne, abin da malamai suke kira kafa'a. Ta wannan ƙofa uban ya shiga. Ya kai ƙara kotun shari'a cewa Aliyu Yusuf ba tsaran 'yarsa ba ne, ta wajen asali da ta wajen sana'a. Lauyansa ya tsaya a gaban jama'a yana tona talaucin da Shaihu ya tashi a ciki, yana cewa aikin jarida sana'a ce ƙasƙantacciya, ta bin diddigin asirin mutane. Alƙali, Shaihu Ahmad Abu Khaɗwa, ya karɓi wannan hujja, ya raba auren. Aka ɗaukaka ƙara, hukunci ya tabbata. Sai daga baya masu sulhu suka shiga tsakani, uban ya yarda, aka sake ɗaura aure da izininsa.

Abu biyu za ka lura da su. Na ɗaya, Shaihu ya yi kuskure da ya zagaye uban yarinya, kuma mai gyaran jama'a idan ya buɗe wa maƙiya ƙofa a cikin al'amarin gidansa, to ta nan za su shigo. Na biyu, jama'ar nan da ta ɗauke shi a kafaɗa shekara takwas da suka wuce, da yawansu a wannan karon suna gefen uban, suna yi masa dariya, har Al-Liwa ta Mustafa Kamil tana cikin masu sukarsa. Wanda ya tsaya masa da ƙarfi shi ne Hidiwi Abbas. Mutumin da aka wulakanta da asalinsa a bainar jama'a, sannan Sarki ya rungume shi, ka san irin nauyin da zai ji a zuciyarsa. Daga nan igiyar da ta ɗaure shi da fada ta ƙara ƙarfi.

Inuwar fada

Ga jarrabawar zuma ta iso. A watan Afrilu na 1904 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya, Faransa ta sakar wa Ingila Masar, Ingila ta sakar wa Faransa Maroko. Hidiwi Abbas, wanda ya daɗe yana sa ran Faransa za ta taimake shi ya kori Ingila, ya ga ba sarki sai Allah, ya fara sassautawa. Da Kuroma ya tafi a 1907 aka kawo wani mai suna Gos, shi kuma ya zo da wata siyasa dabam, ta lallashi. Ya jawo Sarki a jiki, ya sakar masa wasu abubuwa da yake so, suka shirya.

To, yanzu hanya ta rabu biyu. Abin da Sarki yake so dabam, abin da masu neman 'yanci suke so dabam. Al-Mu'ayyad sai ta bi Sarki. A ƙarshen 1907 Shaihu ya kafa jam'iyyar da ya kira ta gyara bisa tsarin mulki, wadda kowa ya san ta fada ce, aka kafa ta domin ta tare wa Jam'iyyar Ƙasa ta Mustafa Kamil hanya. Alƙalamin da ya saba fuskantar Bature sai ya juya yana faɗa da samarin da suke neman Bature ya fita. Ba wai Shaihu ya wayi gari ya ce yana son mulkin Ingila ba ne. A'a. Yana ganin bi a hankali ya fi, kuma yana ganin riƙe Sarki shi ne riƙe ƙasa. Amma mai karatu ba wawa ba ne. Mutane suka lura cewa duk inda fada ta juya, nan jarida take juyawa. Idan Sarki ya yi fushi da mutum, jarida ta yi fushi da shi. Idan Sarki ya shirya da shi, jarida ta shirya da shi. Sai ɗalibai da samari suka daina saye, suka koma wa Al-Liwa.

A watan Maris na 1909 gwamnatin Buɗurus Gali ta farfaɗo da tsohuwar dokar jaridu ta 1881, aka fara aiki da ita gadan-gadan. Dubi waɗanda ta faɗa wa. Shaihu Abdul'aziz Jawish, editan Al-Liwa, an ɗaure shi wata uku a 1909 saboda maƙalar da ya rubuta ta tunawa da mutanen ƙauyen Dinshawai, waɗanda aka rataye huɗu daga cikinsu a 1906 bayan rigima da hafsoshin Ingila masu harbin tattabaru. Muhammad Farid, saurayin nan da ya bar aikinsa saboda shari'ar tangaraho, wanda ya gaji shugabancin Jam'iyyar Ƙasa bayan rasuwar Mustafa Kamil a 1908, an ɗaure shi wata shida a 1911, daga baya ya bar ƙasar, ya rasu a Balin ta Jamus a 1919 cikin rashi. Ita kanta Al-Liwa an rufe ta a 1912. Al-Mu'ayyad kuwa tana nan tana fitowa. Hukumar da ta yi ta neman kashe ta a 1896 yanzu ba ta ga dalilin wahalar da kanta ba.

Ƙarshensa

A 1912 aka naɗa Shaihu Aliyu Yusuf shugaban ɗariƙar Wafa'iyya, wato muƙamin gidan surukinsa, gidan nan da aka ce shi ba tsaransu ba ne. Saboda wannan muƙami ya ajiye aikin jarida, ya bar ta a hannun wasu. Bai daɗe a kai ba. A ranar 25 ga Oktoba, 1913, Allah ya karɓi ransa yana da shekara 50.

A watan Disamba na 1914, bayan Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, Ingila ta tuɓe Hidiwi Abbas, bai sake mulkin Masar ba har ya mutu. Bangon da jarida ta jingina da shi ya faɗi. Mai ita ya rasu, masu karatu sun watse, Sarki ya tafi. A 1915 Al-Mu'ayyad ta daina fitowa, bayan shekara 26. Al-Muƙaɗɗam kuwa, wadda aka kafa Al-Mu'ayyad domin ta yi faɗa da ita, ta ci gaba da fitowa har 1952.

Abin da za ka ɗauka

Ya kai ɗan'uwa, mun ce maka ka riƙe ma'anar sunan jaridar nan, wanda aka dafa wa baya. Abin tambaya a kullum shi ne, wa ya dafa maka? A 1896, lokacin da gwamnati da Bature da babbar jaridar ƙasa suka taru a kanta, ba ta faɗi ba, domin gaskiya ta faɗa, kuma mutane sun san gaskiya ce. Lokacin da ta koma Sarki ne yake dafa mata, ba a kai ta kotu ba, ba a ƙona ofishinta ba, amma a hankali ta rasa abin da ya sa ake sayenta, wato amincewar mai karatu.

Saboda haka ka sani, matsin masu mulki iri biyu ne. Akwai na tsoratarwa: kotu, kurkuku, kora daga aiki, ɓata suna. Wannan kowa yana ganinsa, kuma saurayi mai zafin jini sau da yawa yana iya jure shi, har ma ya ji daɗin a ce shi jarumi ne. Akwai kuma na kyautatawa: a gayyace ka fada, a zaunar da kai a gaba, a biya maka bukata ranar da ka shiga matsi, a tsaya maka ranar da kowa ya gudu. Wannan shi ya fi haɗari, domin ba ya zuwa da kamar jarrabawa, kuma mutumin kirki shi ya fi saurin faɗawa cikinsa, saboda yana jin kunyar wanda ya yi masa alheri. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ba cewa muke kada ka yi mu'amala da shugabanni ba, ko ka mayar da zaginsu sana'a. Yi musu nasiha wajibi ne, kuma idan sun yi daidai a faɗa. Abin da muke ja maka kunne a kai shi ne, kada abincinka da mutuncinka su koma hannun wanda wata rana za ka bukaci ka ce masa ya yi kuskure. Ka nemi sana'ar da za ta riƙe ka. Ka tsare al'amarin gidanka, ka bi ƙofa a wurin neman aure da sauran mu'amaloli, don kada ka bar kafar da za a kama ka. Kada kuma ka dogara da tafin jama'a, ka ga dai yadda suka yi da Shaihu tsakanin 1896 da 1904. Yau ba sai kana da injin buga jarida ba, wayar da take aljihunka ta isa ta kai maganarka inda Al-Mu'ayyad ba ta taɓa kaiwa ba, kuma amanar da take kan mai jarida tana kanka. Kafin ka rubuta, ko ka hau mumbari, ka tambayi kanka: da wanda yake taimakona ne ya aikata wannan abu, zan faɗi abin da nake shirin faɗa? Idan amsar a'a ce, to ka binciki zuciyarka tun da sauran lokaci.

Shi kuwa Shaihu Aliyu Yusuf ya riga ya tafi ga Ubangijinsa, kuma ba mu ne masu yi masa hisabi ba. Maraya ne ɗan ƙauye wanda ya buɗe wa Musulmin Masar baki a lokacin da aka rufe shi, ya kare Larabci, ya ƙi tona asirin wanda ya amince masa alhali kurkuku tana gabansa. Muna roƙon Allah ya saka masa da alheri a kan wannan, ya gafarta masa kurakuransa. Mu kuma Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya tsare mu daga tsoron wanin sa da kwaɗayin abin hannun mutane, ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.